Man Kwakwar da Ya Daskare a Maigatari

Gumel, ranar Laraba.

Kamilu,

Assalamu alaikum. Kai ne ɗana na fari, tun da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa faɗinsa ba. Yau ga shi na rubuta shi da hannuna a saman takarda. Daga nan ka auna inda raina yake.

Gaisuwa wajibi ce, don haka ina gaishe ka. Ina lafiya, ban da ƙafar nan da sanyi ya tayar. Ƙaninka Anas da iyalinsa lafiya. Matarka Bilkis ba lafiya ba, kuma ka fi kowa sanin dalili.

Ka kashe waya ka tsallaka Nijar, ka ɗauka ba mai iya cim maka. Haladu direba ya ce ya gan ka a Dungas. Gobe kasuwar Maigatari, shi zan ba wannan takarda.

Bari in gaya maka abin da ka bari a bayanka, tunda ba ka tsaya ka duba ba. Hannunta na dama, daga gwiwar hannu zuwa yatsu, ya saɓule. Fatar ta tattare kamar ledar da ta taɓa wuta. Idonta na hagu ya kumbura ya rufe. Akwai shatin ƙarfen bel a kafaɗarta da gadon bayanta. Ni nake jinyarta a asibiti. Duk safiya idan an zo wanke ciwon, ni nake danne mata kafaɗu, ita kuma ta cusa mayafi a baki don kada ta yi ihu a gaban mutane. Jiya ta ciza har mayafin ya huje.

Maƙwabciyarku Safiya ce ta kawo ta daga Maigatari. Ta ce ta ji ƙara ta shigo, ta tarar kana dukan yarinyar nan a gaban kurfoti, sannan ka sa ƙafa ka shure kaskon mai, ka fice. Na tambayi Bilkis abin da ya haɗa ku. Ta ce, "Inna, wai a kan man girki ne." Na ce ta sake faɗa, don na ɗauka zazzaɓi ne yake magana.

Mahaifinta Malam Ilu ya zo daga Ɗanzomo. Bai ɗaga murya ba. Ya kalli hannun, ya kalle ni, ya ce, "Hajiya, haka muka ba ku ita?" Yayanta Mati kuwa sai da aka fitar da shi daga ɗakin. Ya rantse a gabana cewa idan ba ka zo ka tsaya kan abin da ka yi ba, jinin gidanmu zai zuba kamar yadda nasu ya zuba.

Ban haife ka don ka zama mai dukan mace ba, ban kuma yi maka tarbiyyar gudu ba. Ka rubuto mini dalilinka, in kana da shi. Sannan ka dawo.

Mahaifiyarka,
Laure.

Dungas, ranar Lahadi.

Inna,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa ina gaishe ki, Allah ya ƙara miki lafiya ya sauƙaƙa ƙafar. Ni ina nan, kaina ne dai yake sarawa kamar kullum. Ina kwana a rumfar wani abokin cinikina mai riɗi.

Inna, kin ji ɓangare ɗaya. Don Allah ki ji nawa.

Tun shigowar sanyi abincin gidana ya canja. Shinkafa, wake, har ƙwan da take soya mini da safe, duk ƙamshin man kitso suke yi. Irin man da mata suke shafawa a kai, Inna, shi nake ji a bakina. Na yi magana, ta ce hancina ne. Kuma daga lokacin jikina ya mutu, in na fita kasuwa ba abin da nake so sai in koma gida. Na faɗa wa Baffa mai shayin tasha, dattijo ne, ya ga duniya. Ya ce, "Yaro, an gama da kai. Mace ta shafa mai a jikinta, ta kankare, ta zuba maka a tukunya. Daga nan ko uwarka ta kira ba za ka amsa ba." Duk teburin aka yi ta yi mini dariya, wani yana ce mini mijin Hajiya.

Ran da abin ya faru na dawo da wuri, na shiga kicin na bincika. A bayan buhun shinkafa na sami kwalba mai faɗin baki, ba rubutu a jikinta, cike da wani farin abu daskararre kamar kitse. Na shinshina, ƙamshin nan ne. Man girki yana daskarewa fari fat haka? In abin kirki ne, me ya sa ta ɓoye? Na fito tsakar gida na same ta da kasko biyu a kan wuta. Na nuna mata kwalbar na ce mene ne wannan. Inna, dariya ta yi. Ta ce, "Au, ka gano?" Daga nan ban san abin da na yi ba.

Dukan na yi, ban musa ba. Amma ban yi niyyar ƙona ta ba. Kurfotin na shura, kaskon ya kife ta wajenta.

Ba zan iya dawowa yanzu ba. Kin san Mati, ba ya jin magana. Ki bari ƙura ta lafa. Ki kuma sa a kai kwalbar nan wajen malamin kirki ya duba, za ki ga ba ƙarya na yi ba.

Ɗanki.

Gumel, ranar Talata.

Kamilu,

Na sami takardarka. Muna nan da rai. An sallami Bilkis, mahaifinta ya tafi da ita Ɗanzomo. Idon ya buɗe. Hannun sai abin da Allah ya yi.

Ka ce a kai kwalba wajen malami. Ban kai ba. Na je Maigatari da kaina, na buɗe kicin ɗin matarka, na ɗauko kwalbar. Kusa da inda ka same ta akwai wata doguwar roba da ba ka ko kula da ita ba, mai rubutun Turanci. Makarantar da na yi ba ta tafi a banza ba, na karanta. Man saflawa ne, ana matse shi daga 'ya'yan wani fure. Ita kuma farar kwalbar taka man kwakwa ne. Kwakwar da kake saya a tasha kana ɓarzawa da haƙoranka.

Ka manta likita ya ce jininka ya hau, ka rage man ja da kitse? Ka manta ran da Bilkis ta yi maka miya mai ƙarancin mai ka watsar da kwanon, ka ce ba wanda zai canja maka abinci a gidanka? Ta gaya mini shi ya sa ta ɓoye. Matan unguwa suka ce mata man kwakwa magani ne, ta sa aka kawo mata. Da ta gaya wa 'yar ƙanwar babanta Zakiyya, wadda take aikin jinya a Kano, sai Zakiyya ta ce a'a, man kwakwa yana da nauyin kitse, ba na mai hawan jini ba ne kullum, ta aiko mata da na saflawa. Ran da ka shigo da bel, gwada su take yi gefe da gefe, ta ga wanne za ka ci ba ka gane ba. Dariyar da ta yi, ta ɗauka wasa ne ya ƙare.

Ban tsaya kan maganar kowa ba. Na hura gawayi a kurfotin da ka shura, na kira Safiya da matan gidan, na ƙarasa abin da ka katse. Na ɗebo farin abin nan a cokali na sa a tafin hannuna. Kafin in gama bismilla ya narke ya zama ruwa. Sanyi ne yake daskarar da shi, ba aljani ba. Na zuba shi a kasko ɗaya, na saflawa a ɗaya, na yanka dankali. Man kwakwa bai jure wuta ba, da gawayi ya yi ja sai ya fara hayaƙi, ƙamshinsa ya cika gidan, dankalin ya fito da ɗan zaƙi-zaƙi. Safiya ta ce, "Wallahi Hajiya kamar ana kitson amarya." Na saflawa kuwa tsinkakke ne kamar ruwa, ba ƙamshi ba wari, ya ɗauki zafi bai yi hayaƙi ba, dankalin ya soyu ƙarau, ɗanɗanon dankali kawai. Da a ce da shi ta fara, da har yau ba ka san an canja maka komai ba. Kuskurenta ke nan duka. Na ci na kasko biyun, matan nan suka ci. Ga ni nan, ba wanda ya mallake ni.

Mutuwar jiki da ciwon kai da kake faɗa, ƙwayoyin da likita ya ba ka na gani a kan taga, ko buɗe su ba ka yi ba. Ka bar maganar likita ka ɗauki ta mai shayi. Namiji da gemunsa, a yi masa dariya a teburin shayi, ya zo ya huce a kan wadda take neman tsawon ransa. Ka ji tsoron Allah.

Yanzu ka ji abin da jiran ƙurarka ya jawo. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Mati ya zo gidan nan da samari a kan babura, kowa da gora. Suka ce ka fito. Anas ya fita ya ce ba ka nan. Bai rufe baki ba Mati ya sauke masa gora a fuska. Suka kayar da shi a ƙofar gida suna tattakawa, matarsa tana ihu da goyo a bayanta. Na fito ba ko mayafi, na faɗa a kansa. Gora ɗaya ta same ni a kafaɗa kafin su ankara. Na ce, "Mati, ga ni, ni na haifi wanda ya yi. Ka fasa kaina in ya so ka huce." Ya tsaya yana huci, ya ce, "Inna, ba da ke nake ba. Amma wallahi duk Juma'a zan dawo har sai ya fito." Anas ya rasa haƙora biyu na gaba, haƙarƙarinsa ɗaya ya tsage. Da suka tafi na zauna a zaure ina kallon jini a ƙasa, na ce yau gidan mahaifinku babu namiji a cikinsa.

Washegari na hau mota na je Ɗanzomo, na durƙusa a gaban Malam Ilu. Ya yi wa Mati faɗa a gabana. Ya ce in ka zo wajensa da rana, hannunka ba komai, ya ɗauki alkawari ba mai taɓa ka, shi da kansa zai raka ka wajen hukuma a yi abin da shari'a ta ce. Wannan mutumin ya fi mu mutunci. Ka zo.

Laure.

Dungas, ranar Litinin.

Inna,

Ina gaishe ki. Ya kafaɗar? Ya jikin Anas? Takardarki ta yi kwanaki a hannun Haladu, motarsa ta lalace a hanya, sai jiya ta iso.

Tun da na karanta ban ci abinci ba. Mati ya ɗaga gora ya doke ki? A ƙofar gidan ubana? Maganar mai na ji, in na yi kuskure tsakanina da matata ne. Amma wanda ya taɓa uwata ya zubar wa ƙanina haƙora, wannan wata magana ce daban.

Kin ce gidan babu namiji. Na gane abin da kike nufi, Inna, ba sai kin fito fili kin faɗa ba. Akwai namiji. Ranar Alhamis zan shigo cikin 'yan kasuwa. Akwai yara uku a nan da muke lodi tare, sun ce ba za su bar ni ni kaɗai ba. Daga Maigatari Ɗanzomo za mu wuce. Kin ce in zo da rana, da rana zan zo, kowa ya gani. Mati zai san gora ba ita kaɗai ake sayarwa a kasuwa ba.

Ki yi mini addu'a.

Ɗanki.

Gumel, ranar Laraba.

Kamilu,

Ba gaisuwa yau. Na rubuta maka takarda mai tsawo, ka tsallake komai ka ɗauki layi ɗaya. Namijin da na ce babu shi ne wanda zai tsaya ya ce ni na yi, a hukunta ni. Ban kira ka ka zo da adda ba. A gidan da za ka je akwai yarinyar da ka ƙona tana kwance, akwai dattijon da ya ba ka amana.

Na haramta maka. In ka taka Ɗanzomo da ƙarfe a hannu, ban yafe maka nonon da ka sha ba. Ka sallami yaran nan, ka zo Gumel kai kaɗai, in riƙe hannunka mu tafi tare.

Na ba wani ɗan acaɓa wannan ya kai wa Haladu. Allah ya sa ta riga ka.

Laure.

Gumel, ranar Lahadi.

Kamilu,

Assalamu alaikum. Ina fata ɗinkin da aka yi maka a goshi yana kamewa. Na roƙi jami'in da ke kula da ku ya riƙa ba ka ƙwayar hawan jinin, na bar ta a hannunsa. Ka sha. Anas ya fara cin abu mai tauri. Kafaɗata ta saki.

Haladu ya dawo mini da takardata ta ƙarshe a rufe, ya ce kun yi saɓani a hanya. Na haɗa maka da ita, ka karanta don ka san na yi ƙoƙarin tsayar da kai da baki.

An ce kana ta tambaya wa ya gaya wa 'yan sanda, har kana zargin Haladu. Ka bar bawan Allah. Ni ce. Da gari ya waye ranar Alhamis ban ji daga gare ka ba, na sa mayafina na je ofishinsu, na nuna musu takardarka. Na shiga motarsu muka tafi tashar Maigatari. Ni na nuna ka da yatsa.

Ina zaune a motar na ga komai. Na ga buhun da ka rataya, na ga yadda ya faɗi adduna suka zubo. Na ga abokan naka da suka ce ba za su bar ka ba sun tsallake buhunan riɗi sun ɓace cikin kasuwa. Na ga ka kai wa ɗan sanda naushi, na ga gindin bindiga ya sauka a goshinka, jini ya rufe maka ido, suka danne ka a ƙasa cikin kashin shanu suna murɗe maka hannu. Kana kiran sunana, ba ka san ina nan ba. Na riƙe ƙofar motar har farcena ya karye, amma ban fito ba. Baffanka mai shayi yana tsaye da kofi a hannu yana kallo tare da kowa.

Kada ka ɗauka abin bai yi mini ciwo ba. Amma na auna. Mati da mutanensa sun sami labari, suna jiran ka a hanyar Ɗanzomo da nasu ƙarafan. Ko dai a kawo mini gawarka, ko a kai wa Malam Ilu gawar ɗansa. Gara in zo in gan ka ta bayan ƙarfe. Shi ma Mati an kama shi a kan dukan Anas, mahaifinsa ne ya kai shi da hannunsa. Ba wanda ya sake zuwa ƙofar gidan nan.

Jiya na je Ɗanzomo. Ciwon ya fara rufewa, amma yatsu biyu sun ƙage, likita ya ce da wuya su miƙe. Da hagu take cin abinci, tana jin kunya, sai ta juya wa mutane baya. Na ce mata, "'Yata, me kike so a yi?" Ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, "Inna, ke uwata ce har abada. Amma in na ji ƙarar mai a kasko jikina rawa yake yi. Ba zan iya sake tsayawa a gaban wuta yana bayana ba. Ya ba ni takardata."

Ban roƙe ta ba, kuma ba zan roƙe ta ba. Kai ma kada ka aika kowa. Ka rubuta mata da hannunka, ba tare da ja-in-ja ba, kada ka sa ta tsaya gaban alƙali tana nuna wa maza jikinta don ta karɓi abin da yake haƙƙinta. Wannan ne alheri ɗaya da ya rage a hannunka.

An sa ranar shari'a, kuma an kira ni shaida. Kawunka ya zo yana cewa in ce ban ga komai ba, ai uwa ba ta tona ɗanta. Na ce masa ya tashi ya ba ni wuri. Zan faɗi abin da na gani a jikin yarinyar nan, da abin da na gani a kicin ɗinta, ba ƙari ba ragi. In an tambaye ni halinka kafin wannan, shi ma zan faɗa, cewa ka riƙe ni ka riƙe ƙannenka tun rasuwar mahaifinku. Duka biyun gaskiya ne.

Ka yi sallah a kan lokaci. Ka nemi gafarar Allah, ita kuma ka bar ta ta huta.

Mahaifiyarka,
Laure.

Gumel, ranar Talata.

Inna,

Na durƙusa ina gaishe ki. Goshin ya daina zubar da jini. Ina shan maganin.

Na karanta takardun biyu. Wadda ba ta same ni ba na fi maimaitawa.

Ga takardar Bilkis nan a ninke a ciki, saki ɗaya, da shaidu biyu daga cikin jami'an nan. Ki kai mata da kanki, kada a ba Mati. Ban rubuta mata ban-haƙuri ba, na fara sau da yawa na yaga, ban san kalmar da za ta kai ba. Kayan ɗakinta duka nata ne, har da abin da na saya.

Ki gaya wa Anas ya yafe mini haƙoransa.

Ba zan ce ki rage komai a gaban alƙali ba. Abu ɗaya nake roƙo. In kin gama ba da shaidar, kada ki fita. Ki zauna a inda zan riƙa ganin ki.

Ɗanki,
Kamilu.